Awa 72 na farko bayan fyaɗe

'Yan uwa masu aikin sa kai a Tawa, in an kawo muku wadda aka yi wa fyaɗe, asibiti tukuna, sannan komisariya. Dole a fara maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, a sha kwana 28 cif. Tashin zuciya kan sa a bari, don haka ku riƙa leƙa ta. Maganin hana ɗaukar ciki kuwa ana iya shan sa cikin awa 120 bayan fyaɗen. In za ta iya, ta jinkirta wanka. Tufafinta a naɗe cikin takarda, leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. A karɓi takardar likita. Kuma don Allah, ban da "me ya kai ki can?" Tambayar nan ce ke hana yarinya dawowa asibiti.