Bambaro: kiɗan da ake yi cikin baki

Bambaro murya ɗaya tak gare shi, kuma ya kamata mai son koyo ya san haka tun kafin ya kai shi baki. Ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, an lanƙwasa shi ya yi kai da ƙafafu biyu a jere, sai wani siririn ƙarfe a tsakaninsu wanda shi ne harshen, an tanƙware ƙarshensa don yatsa ya samu wurin taɓawa. In ka riƙe shi a iska ka kaɗa harshen, ɗan zuuu za ka ji, shi ke nan. Ba shi da tsirkiya irin ta gurmi, ba shi da ƙofofi irin na sarewa. Duk hawa da saukar da kake ji in gwani yana kaɗawa, a cikin bakinsa ake ƙera su.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, kuma darasin sauti na cikin abin da nake koyarwa duk shekara. Wanda ya koya mini bambaro kuwa wani dattijo ne daga wajen Gwadabawa, wanda ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, yanzu yana gadi a unguwarmu. Bai taɓa shiga ajin boko ba, amma abin da nake zanawa a allo da alli shi a bakinsa yake ɗauke da shi.

Riƙo ya fara nuna mini. Hannun hagu ke riƙe kan ƙarfen, kada yatsa ko ɗaya ya taɓa harshen, in ya taɓa muryar ta mutu. Ƙafafun biyu a jingina su ga haƙoran gaba, na sama da na ƙasa, a bar rata tsakanin haƙoran yadda harshen zai shige ya dawo ba tare da ya gogi komai ba. Leɓɓa su kwanta a kan ƙarfen a hankali.

"Ɗana, kak ka cije shi," in ji shi. "Aza shi ɗai za ka yi."

Na ce, "Baba, in ya bugar mini haƙori fa?"

Ya ce, "Ba ya bugun wanda yab buɗe mai ƙohwa."

Haka abin yake. Mai tsoro shi ke matse haƙora, matsewar kuma ita ke sa ƙarfen ya same shi. Bugun yatsan ma ba ya son ƙarfi: da ɗan'ali ake taɓa ƙarshen harshen, a miƙe, ko a jawo shi wajen kunci ko a tura shi gaba. In bugun ya karkace sama ko ƙasa, harshen zai daki ƙafar ƙarfen ka ji ƙaras-ƙaras. Wannan ɓangaren ba ya ɗaukar lokaci, duk mai haƙuri zai iya shi.

Inda aikin yake shi ne cikin baki, a nan kuma na fi daɗewa. Muryar nan ɗaya da harshen ke bayarwa ba ita kaɗai take tafe ba, akwai wasu a goye a bayanta. Idan harshen yana kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, to tare da shi akwai sautin 200, da 300, da 400, da 500, haka har sama, duk a cakuɗe. Kogon baki shi ke zaɓen wanda zai ɗaga daga cikinsu. In kogon ya yi faɗi sai na ƙasa su fito, in ya ƙuntata sai na sama su fito. Duk wanda ya taɓa tara tulu a famfo ya san wannan: tun ba ka leƙa ba kana jin ya kusa cika, domin ƙarar tana ƙara tsini yayin da wurin iska ke raguwa. Mai bambaro da harshensa na nama yake cika tulun yana rage shi. Ya ja shi baya kamar zai ce "o", amo ya yi kauri. Ya turo shi gaba kusa da ganɗa kamar zai ce "i", amo ya yi siriri ya hau. Ba a furta wasulan da murya, siffarsu kawai ake yi.

Na san wannan lissafi tun ina jami'a. Abin da ban sani ba shi ne kunne ma sai an koya masa. Da farko babbar muryar ce kawai ke cika maka kai, tana girgiza haƙora da muƙamuƙi, ƙananan kuwa suna nan amma ba ka jin su. Baba ya hana ni neman waƙa. Ya ce in buga sau ɗaya, in bar hannu, in motsa harshena na nama a hankali daga baya zuwa gaba har amon ya ƙare, sannan in sake. A haka wata rana na ji wani siririn fito yana hawa mataki-mataki a saman gunjin, kowane mataki daban da ɗan'uwansa. Tun da kunnena ya kama shi bai sake ɓace mini ba, har a ƙarar injin niƙa ina tsinto irinsa. A ganina wannan ne ainihin darasin bambaro, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Suna koyon bugu da sauri, abin ya yi ta ƙara babu magana a ciki.

Sai numfashi. Ɗan hucin da ka fitar ko ka ja ta tsakanin ƙarfen yana ƙara wa amon ƙarfi nan take, da shi ne kuma ake yanka kiɗan gunduwa-gunduwa ko da yatsa bai ƙara bugu ba. Amma kaɗan ake so. Mai ja da fitarwa da ƙarfi jiri zai ɗebe shi, don haka sabon shiga ya riƙa hutawa. In ka rufe maƙogwaro kamar mai shirin haɗiye, muryar takan canza launi, in ka buɗe ta koma wata. Har yau ina kan wannan.

Akwai darasin da na samo a Maƙerar Assada, inda na je neman wanda zai ƙera mini sabo. Maƙerin da ya karɓi aikin ya ce rabonsa da a tambaye shi bambaro ya daɗe. Da ya gama, sai ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya yana duban ratar da ke tsakanin harshen da ƙafafun. Ya ɗauki magagari ya ɗan goga gefe guda, ya matse da awartaki, ya sake ɗagawa. Hasken da ke ratsowa ya koma kamar zare, daidai wa daida ta kowane gefe. Wannan ratar ita ce ran bambaro. In ta yi faɗi iska ta zurare, murya ta yi rauni, in ta matse da yawa ƙarfe ya daki ƙarfe. Mai saye ya duba wannan kafin ya duba ado, domin da yawa daga waɗanda suka ce sun kasa koyo, ƙarfen hannunsu ne ba shi da kyau.

Kulawarsa ba wuya. Yawu na sa shi tsatsa, sai a goge bayan an gama, a ɗan shafa masa mai, a adana shi inda harshen ba zai lanƙwashe ba. Abin baki ne, kowa ya riƙe nasa. Da hunturu kuma, lokacin da leɓe ke tsagewa, a shafa man kaɗanya kafin a aza ƙarfe mai sanyi a kai.

Ƙasar Sakkwato ƙasar manyan makaɗa ce. Kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi an yi su ne don fada da taron jama'a. Bambaro ba ya cikin wannan sahu, kiɗan mutum ɗaya ne, na makiyayi a daji da saurayi a dandali, wanda sai na kusa da kai ke ji. Ina jin shi ya sa muka bar shi ya sulale ba wanda ya yi magana. Abin yana damuna, domin wasu ba su yi wa nasu haka ba. A Yakutsk ta ƙasar Rasha suna kiransa khomus, har gidan tarihi suka buɗe masa a 1990. A kudancin Indiya, inda ake kiransa morsing, yana zama cikin manyan makaɗa a bainar jama'a. Garin Molln na ƙasar Ostiriya ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera shi yana kai wa duniya, kuma Albrechtsberger, malamin kiɗan da ya koyar da shahararren makaɗin Turai Beethoven, ya tsara kiɗe-kiɗe musamman dominsa. A Shimao ta ƙasar Sin masu tonon tarihi sun samo waɗanda aka yi da ƙashi, masu kimanin shekara 4,000. Mu kuwa da na ɗaga nawa a aji na tambayi ɗalibai ko mene ne, wasu cewa suka yi mabuɗin kwalba ne.

Ban ga laifinsu ba, ba a nuna musu ba ne. Na koma wurin maƙerin na ba shi aikin wasu, yadda in mun zo darasin sauti a zango mai zuwa kowane rukuni zai samu wanda zai kaɗa musu su saurara. Baba ya yarda zai zo ajin, da sharaɗin a sa darasin da hantsi, bayan ya ɗan runtsa daga gadin dare.