Tafiyar Legas Saboda Waƙa Ɗaya

Tun kafin mu kai Kwanar Ɗangora gardama ta ɓarke a motar. Direbanmu, wani Bakatsine mai furfura a gemu, ya saka Shata tun daga Sabon Gari, kuma ga dukkan alamu sai Legas zai cire shi. Samarin da ke kujerun baya, yawancinsu masu komawa bakin nema, suka fara ƙorafi: "Baba direba, don Allah a canza mana, wannan ai kakanninmu ma sun ƙoshi da ita." Ya ce shi ke riƙe da sitiyari, kuma ba abin da ke kore masa gyangyaɗi kamar kalangu, don haka mai son ya sauka da ƙafafunsa ya yi haƙuri. Ni ina jikin taga ina murmushi, domin ina goyon bayan direba. Abin da ya fito da ni daga gida ma ke nan. Tsohuwar waƙa ce ta Fela Kuti, shahararren mawaƙin nan Bayarabe, guda ɗaya tak, na ɗauko hanyar sama da kilomita 1,000 don in ji an kaɗa ta a gabana.

A Idi-Araba aka haife ni, cikin Hausawan Legas. Mahaifina tela ne, yana da garmaho a shago da 'yan faya-fayai: Shata, Ɗan Maraya Jos, sai na Fela guda biyu da wani Bayarabe ya bar masa a madadin kuɗin ɗinki. A cikinsu akwai waƙar da ta taso ni, Water No Get Enemy, ta 1975, wadda yake sakawa bayan la'asar in ya hau keke. Ba Yarbancin yake ji sosai ba, amma ya san karin magana ce, ruwa ba shi da maƙiyi, kuma ƙafarsa kan bi kiɗan a kan fedar keke. Ban manta Juma'ar 18 ga Fabrairun 1977 ba, kwana shida da rufe FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas. Muka hango hayaƙi ya turnuƙe ta wajen Idi-Oro, manya suka kora mu cikin gida. Sai daga baya na san sojoji ne kimanin 1,000 suka auka wa gidan Fela da yake kira Kalakuta, saboda haushin waƙar Zombie da ya yi musu, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga. Jinyar da ba ta tashi ba ke nan, ta rasu a Afrilun 1978. Mun koma Kano a 1980. Garmahon ya lalace, faya-fayan suka bi hannun yara, mai su kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Hanya ba ta da wani labari sai gajiya. Mun haɗa Magariba da Isha a Tafa, muka haye gadar Jamata cikin dare ban ga ko ƙyallin Kwara ba, muka ci shinkafa mai sanyi a Lakwaja. Daga Okene zuwa Akure na daina ƙirga shingayen jami'an tsaro. Gari ya waye mana kusa da Ife, cunkoson shiga Legas kuma ya cinye mana hantsi. Sai bayan azahar na sauka Agege, ƙafafuna kamar an hura.

Kawuna ya haura tamanin, kuma fiye da hamsin a ciki a Agege ya yi su yana fataucin goro. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, wato biki a zauren kiɗan 'ya'yan Fela da ake kira Shrine (wurin tsafi ke nan da Turanci), ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yanzu da furfurarka, gidan tsafi za ka?" Na ce, "Kawu, suna ne kawai, zauren kiɗa ne. Shugaban Faransa ma, Macron, ya je a 2018." Ya ce shugaban Faransa ba ɗan ƙanwarsa ba ne. Amma ya haɗa ni da autansa, abokin wasana, yaro ɗan shekara ashirin da biyar mai gyaran waya, ya ce ya dawo da ni da ƙafata.

Bikin na tunawa da Fela ne, ana kiran sa Felabration. 'Yar Fela, Yeni, ta fara shi a 1998, shekara ɗaya bayan rasuwar uban, kuma ana yin sa mako guda a watan Oktoba, a makon da ranar haihuwarsa, 15 ga wata, ta faɗo. Da yake kiɗa sai dare, muka fara da gidansa na ƙarshe a titin Gbemisola cikin Ikeja, wanda aka mai da gidan tarihi a 2012. Kabarinsa na nan a farfajiya. A ciki ga takalmansa jere kala-kala, ga rigunan wasa, har da kamfai an rataye, abin da ya sa abokin wasan nawa ya dinga dariya yana cewa, "Yaya, wannan ne gwanin naku?" A nan mai zagayawa da baƙi ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ashe Fela ba ya maimaita waƙar da ya riga ya naɗa a faifai. Sabuwar waƙa zai yi ta kaɗawa a zaurensa wata da watanni, yana ƙari yana ragi, jama'a na haddace ta a bakinsa. Ranar da ta shiga faifai, ta fita daga dandamali ke nan. Ko a Turai da Amurka, inda mutane suka biya kuɗi don su ji waɗanda suka sani, haka yake hana su, kuma hakan ya rage masa kasuwa a can, bai fasa ba.

Na yi shiru ina lissafi. Wato da a 1985 ko 1990 na yi wannan tafiyar, mai waƙar na raye yana tsaye a gabana, da hannu rabbana zan koma Kano.

New Afrika Shrine tana Agidingbi, ba nisa da sakatariyar gwamnati ta Alausa. Femi, ɗan Fela, da Yeni suka gina ta, aka buɗe a 2000. Wata makekiyar rumfa ce mai rufin kwano kamar sito, gefunanta a buɗe, hotunan su Nkrumah da Lumumba a bango. Titin gabanta ya zama kasuwa, kuma kamar ko'ina a Legas, mai tsiren da muka tsaya wurinsa namu ne, Basakkwace. Ya ce makon nan yakan sayar da abin da ba ya sayarwa a wata. Na tambaye shi ko yana shiga kallo. Ya ce shi da ke jin komai daga bakin tukuba, me zai shiga nema?

Mawaƙa na hawa suna sauka, kowa da 'yan mintocinsa. Yawancin samarin ba su zo da makaɗa ba. Wani ne ke sakar musu waƙar daga kwamfuta suna bi da baki, kuma ba wanda ya yi gangancin kawo abin da jama'a ba su sani ba. Da an saki kiɗan sai wayoyi su tashi sama, taro ya karɓe waƙar, mawaƙin ya miƙa musu makirufo yana tsalle. Wani ma ko baiti ɗaya bai kai ƙarshensa ba. Abokin wasana ya ce haka ake yi yanzu: mutum bai zo biki don a koya masa waƙa ba, ya zo ne ya rera wadda ya iya tare da dubu irinsa. Na ga gaskiyarsa. Taron biki ba taron masoyan mutum ɗaya ba ne. Wanda ya zo don wani ne zai tsaya ya ji ka, kuma minti ashirin gare ka. In ka ɓata su a kan abin da ba a sani ba, kafin ka farga an tafi sayen tsire. Sai dai abin ya ba ni dariya ta wani gefen. "Tsohuwar waƙa" a wurinsa ita ce ta shekara uku da suka wuce.

Wajen ƙarfe ɗaya wata ƙungiya ta hau da cikakkun kayanta: masu busa biyar, masu jita, mai ganguna, mai dogayen ganguna na hannu, mata uku 'yan amshi. Ban riƙe sunansu ba. Shugabansu, wani siriri da bai fi talatin da biyar ba, ya ce da Turancin buroka waƙarsu za su yi, sabuwa, ko situdiyo ba ta je ba. Nan take wuri ya ɗauki ihu. Wasu na kiran Zombie, wasu na kiran wata. Kunya ba za ta hana ni faɗa ba: har da ni. Ni da na ji labarin gidan tarihi da rana, na buɗe baki ina kiran waƙar ruwa kamar wanda ake bi bashi. Abokin wasana ya dafa ni, "Yaya, a hankali, hawan jini."

Mutumin bai kula mu ba. Mai jitar ƙasa ya ɗauko wani zubi gajere ya yi ta maimaitawa, ganga ta shigo, sai ƙarfen da ake bugawa da sanda. Minti biyar ba wanda ya buɗe baki a dandamali. Na ga mutane na juyawa suna hira, wasu suka fita. Amma irin wannan kiɗan haka yake cin mutum, kamar ruwan da ke shiga ƙarƙashin katanga. Can masu busa suka faɗo gaba ɗaya, sai na ga kafaɗun da ke gabana sun fara motsi. Waƙar a kan tsadar mai ce da kuɗin mota, amshinta kalma uku, kuma kafin a yi shi sau huɗu rabin rumfar ta iya. Wata mata kusa da ni, da ɗazu take zagin mutumin, ita ce ta fi kowa ɗaga murya. A raina na ce, ashe haka waɗanda suka fara jin waƙar ruwa suka ji ta, ba wanda ya zo da ita a ka, wataƙila ma wani na tsaye yana ihun a yi masa wata.

Sai da ya gama tasa, kusan minti goma sha biyar, sannan ya juya ya ɗaga wa masu busa hannu. Busa huɗu ta farko kawai suka yi na gane ta. Ban yi ihu ba wannan karon. Tsigar jikina ta tashi, na ji ƙanshin sabon yadi da man keke, na ga ƙafar mahaifina. Ba su yi ta yadda take a faifai ba, sun ɗan ƙara mata sauri, kuma a tsakiya mutumin ya sako maganar unguwarsu da famfo ya shekara bai kawo ruwa ba. Wani dattijo a bayana ya yi tsaki, ya ce an ɓata waƙa. Ni ban ga ɓaci ba. Abin da na tabbata shi ne, da ita suka fara, da na samu abin da na zo nema na kama hanyar gida, ban ji ta farkon ba. Mutumin ya san mu sarai. Ya riƙe mana alawar ne sai da muka sha maganin.

Da safe ina ba Kawu labari a kan shayi da burodin Agege, na ɗauka zai sake yi mini faɗa. Sai ya ce wannan gardamar tamu ta 'yan boko ce, makaɗan Hausa sun daɗe da raba ta. Take ba a canza shi. Ɗan dambe ko basarake in an kaɗa takensa, yadda aka kaɗa wa ubansa haka yake son ji, in ka sauya ka yi laifi. Waƙa kuwa gindinta ne tsoho, 'ya'yanta kullum sababbi. Ya ce ya ga Shata da idonsa ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa jin ya yi Bakandamiya iri ɗaya sau biyu ba: amshi na nan inda yake, 'yan kalangu na nan, amma wanda ya shigo fili yanzu da wanda ya yi kyauta jiya duk sai sun samu wuri a ciki. Ka ji wadda ka sani, kuma ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, a zama ɗaya. "Kaset ne ya lalata ku," in ji shi. "Ya sa kuna zaton waƙa dutse ce."

Ban yarda da shi duka ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma ba don kaset ɗin ba da direbanmu Bakatsine bai da abin kore barci. Fela kansa, da ya hana mutane tsofaffin waƙoƙinsa yana raye, yau faya-fayan nan ne suka tara dubban mutane a Agidingbi da sunansa. 'Ya'yansa ma ba hanya ɗaya suka bi ba: Femi ya fita ya kafa ƙungiyarsa tun 1986 don ya yi nasa, Seun kuma ya gaji ƙungiyar uban, Egypt 80, yana ɗan shekara 14, yana haɗa na gado da na kansa. Amma ba a jayayya da Kawu kafin ya gama shayi.

Da zan tafi ya ce in saka masa waƙar nan da ta taso ni daga Kano, ya ji. Autansa ya nemo ta a waya, ya kara masa a kunne. Ya saurara kamar minti biyu, yana tauna goro a hankali.

"Na gane ta," ya ce. "Ta shagon babanka ce. Amma kamar da wani abu a ciki da babu shi yanzu."

Na ce ita ce dai, ba a taɓa ta ba.

Ya sake kasa kunne. Can ya ce, "Keken ne. Ƙarar keken ɗinkin ce babu." Ya miƙa wa yaron wayarsa, ya ce a ɗauko mini burodi huɗu in kai wa yara, kuma in yi sauri kada motar yamma ta cika.