Jinkirin da yake hannunmu

A shekarar ƙarshe ta karatun likita ɗalibi ba ya zaman aji sosai. Daga wannan sashe sai wancan: tiyata, matanite, ɗakin manya, ɗakin yara, ga kuma gardin dare. Mu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kowa da sashen da ya fi tsaya masa a rai. Ni dai ɗakin yara ne, domin staj ɗina can, wato zaman koyon aiki, ya faɗo a watan Satumba, lokacin da hatsi ke nuna a gona, masassara kuma tana tsakiyar ƙarfinta.

Cututtukan da na tarar babu baƙo a cikinsu. Masassarar cizon sauro, ƙarancin jini, tamowa, zawo, ciwon huhu, duk mun rubuta jarrabawa a kansu. Abin da takarda ba ta iya sa wa mutum a jiki shi ne nauyin awa ɗaya. Yara biyu za su shigo da ciwo iri ɗaya, shekarunsu ɗaya, ɗaya ya koma gida a bayan uwarsa, ɗayan a naɗe shi a zane. Sau da yawa abin da ya raba su bai wuce lokacin da magani ya shiga jini ba. Rai na Allah ne, wannan babu musu, amma lokacin an ba mu shi amana.

Yaron da ya zo yana jijjiga ko ya suma, aikin farko ƙanana ne ƙwarai. A ɗora shi a sikeli, domin allurar artesunate, maganin masassara mai tsanani, da nauyi take tafiya: miligiram 3 ga kowane kilo idan bai kai kilo 20 ba, 2.4 idan ya kai. A soki yatsa a duba sukari, tunda masassara mai tsanani tana kayar da shi, kuma yaron da sukarinsa ya faɗi yakan farfaɗo nan take idan aka ba shi. A duba tafin hannu da cikin ido. Allura ta farko yanzu, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24. Ta biyun nan ita ce ke faɗowa cikin dare, sa'ad da ma'aikata suka ragu, kowa ya gaji, kuma ita ce na koyi tsarewa da kaina. Majo ɗin ɗakinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, mace ce da ta daɗe a aikin, takan ce mana: "Ƴaƴana, rubuta magani a takarda ba shi ne ba da magani ba. Ku koma ku gani da idonku." Ban ji darasin da ya fi wannan amfani a wata lacca ba.

Sai maganar jini. Yaro ya yi fari fat, numfashi sama-sama, gwaji ya nuna ƙarfin jininsa (hemoglobin) ya yi ƙasa da giram 5. Ba sirop ko ƙwayar da za ta tsaya masa, ƙarin jini yake so, kuma a damina buƙata takan fi abin da ke ajiye yawa. Dole a nemi dangi su bayar. Na ga maza majiya ƙarfi sun ja da baya, ba don ba su son ɗansu ba, tsoro suke kada jikinsu ya mutu ga girbi yana tafe. Idan ka tsaya kana faɗa, lokacin da kake ƙoƙarin cetowa shi kake ƙonawa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka ja mutum gefe, ka ce: "Baba, abin da za a ɗiba bai kai rabin lita ba, jikinka zai mayar da shi, ka ci abinci ka sha ruwa. Shi kuwa yaron ba zai kai safiya a haka ba." Yawanci sai ka ga ya naɗe hannun riga.

Akwai tambayar da take fita daga bakin ma'aikaci ba tare da ya shirya ba: "Me ya sa sai yanzu kuka kawo shi?" Tambaya ce mai kyau idan amsar ake nema. Idan aka saurara, ga abin da ake ji. Maigida ya tafi neman kuɗi Najeriya, ita kuwa ba ta fita sai da izini. Ko ruwa ya cinye hanya. Ko an fara gwada ƙwayar mai tebur, jiki ya yi sanyi kwana ɗaya, aka ɗauka ya wuce. Tun 2006 Nijar ta ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin kabu-kabu daga ƙauyen Gidan Runji ko na Madarunfa ba kyauta ba ne, haka abincin mai jinya. Matar da ta tsallake duk wannan ta iso da ɗanta a goye ta cancanci a ce mata sannu da hanya. Kuma ba ladabi kaɗai ba ne. Wadda aka yi wa tsawa ba za ta faɗa maka an ba yaro jiƙo ba, ko wanzami ya cire masa beli kwana uku da suka wuce, alhali wannan bayanin zai iya canja duk abin da za ka yi. Idan na ce, "Inna, gaya mini duk abin da aka ba shi, ba laifi ba ne, so nake in san inda zan kama," sai ta kwance bakin zane ta nuna mini sauran ƙwayar.

Jinkirin gida da na hanya ba su hannun ɗalibi. Wanda ke tsakanin ƙofar asibiti da allurar farko, wannan namu ne. Ɗalibi ba ya sa hannu a manyan shawarwari, amma yana da ƙafa. Shi zai kai jini labo da kansa, ya tsaya ya karɓo sakamako, ya taso likitan gardi ba tare da jin nauyi ba.

A ɗakin masu tamowa kuwa sai da na sake koyon wani abu, domin can gaggawar da ba ta da lissafi kisa take yi. Yaron da kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba, ko ƙafafunsa suka kumbura, zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwan jijiya da yawa. Madarar F-75, wadda aka haɗa musamman don masu tamowa, ake ba shi kaɗan-kaɗan, kowace awa biyu ko uku, dare da rana, a rufe shi kada sanyi ya kama shi, ba a ma fara masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai ya soma murmurewa. Uwa tana ganin ɗanta ƙashi da fata, ana auna masa madara a ɗan kofi, dole ranta ya sosu. Sai an zauna an yi mata bayani, domin da ƙarfe uku na dare ita ce za ta ɗaga kansa ta ba shi. Nan ma lokaci ne ake tsarewa, sai dai da haƙuri.

Ranar sallama nakan ɗauki minti biyar da kowace uwa, ko da layi ya yi tsawo. Nakan ce ta ƙarasa ba shi maganin masassara na kwana uku da aka ba ta ko da yaro ya tashi yana wasa. Idan masu rabon maganin rigakafin masassara na damina suka zo, suka ba shi na ranar farko, na kwana biyun da suka bar mata kada ta ajiye wa wani yaro. Ya kwana cikin gidan sauro. In ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, kada ta jira gari ya waye. Sannan in tambaye ta wa zai ba ta izinin fita idan maigida ba ya nan, mu tsayar da wannan magana tun tana gabana, in da hali a kira shi a waya ya faɗa da bakinsa.