Garin hano zuwa Ingila

Talata. An kawo wuta tun asuba, na gama guga kafin takwas, Abba ya tafi makaranta ba rigima. Raina fes, sai bayan Azahar Gwaggo Asabe ta kira.

Wai ta sa an saro mata ɓawon hano daga ƙauye, an shanya, an daka, tana neman mai tafiya Ingila ya kai wa Ummi. Wata ce ta turo mata a WhatsApp cewa Jamusawa sun gano lubban yana maganin MS, cutar da Ummi ke fama da ita, wadda garkuwar jiki ke ɓare rigar jijiyoyi, kuma ai hano shi ne lubban ɗinmu. "Ke da kika karanta haɗa magunguna, cokali nawa za ta riƙa sha?"

Da saƙon ƙarya ne zalla, da na huta. An yi gwajin a Hamburg da Balin, sakamakon ya fito a 2018. Majinyatan ba su kai 40 ba, sun sha na wata takwas, hoton MRI ya nuna sababbin tabon ƙwaƙwalwa sun ragu. Sai dai ba a ware wasu an ba su ƙwayar bogi don kwatantawa ba, ita kuwa wannan cuta tashi take ta lafa da kanta. Ƙafa ta mutu yau, bayan 'yan makonni ta dawo, duk abin da aka sha a tsakani shi ke cin yabo.

Na ce, Gwaggo, ki yi haƙuri, su ƙaron itacen suka tace, ba ɓawo ba. Sinadarin da ake nema, boswellic acid, a mai yake narkewa, ruwa ba ya fitar da shi yadda ya kamata, ko ƙwayar ma sai da abinci mai maiƙo hanji ke ɗaukarta sosai. An auna abin da ke cikin kowace ƙwaya. Garin da aka daka a turmi kuwa ƙarfinsa ya danganta da itacen, da lokacin sara, da shanya. Kuma hanonmu dangi ne kawai. Wanda ake sayarwa a kantin magani galibi na Indiya ne.

Ta ce to ai ɓeraye sun warke, ta gani a bidiyo. Ɓerayen nan ba MS gare su ba. Allurar wani yanki na furotin ɗin rigar jijiya ake yi musu, haɗe da abin da ke tunzura garkuwar jiki, su fara da sakin wutsiya, a ba su maki daga 0 zuwa 5. Sau da yawa tun kafin ciwon ya bayyana ake fara ba su ganyen. Ummi kuwa garkuwarta ta riga ta ɓare rigar jijiyoyin, kamar wayar lantarki da robarta ta zazzage.

Nan ta yi shiru, sannan ta ce dama ku 'yan boko kun raina itace. Wannan ta yi mini zafi. Fingolimod, maganin MS da aka amince da shi a Amurka a 2010, daga wani naman gwari aka samo asalinsa, amma miligiram 0.5 ne a rana, kuma ranar farko sai an sa ido kan bugun zuciya na awa shida. Sativex tataccen wiwi ne, feshi a baki, kowane feshi miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD, sinadaran wiwin biyu, kada a wuce 12 a rana. Sanƙarewar tsoka yake sassautawa, ba ya tsayar da cutar, in bai yi aiki cikin mako huɗu ba a daina. Itace na da wurinsa, amma da awo.

A ƙarshen hira ne ta saki wadda ta ɓata mini yinin. Ashe Ummi ta daɗe tana shan ƙwayar koren shayi da ta kurkum mai masoro, ƙawarta ce ta saya mata, likita bai sani ba. Ita da ke kan teriflunomide, miligiram 14 kullum, maganin MS ɗin da takardar cikin kwalinsa ke ɗauke da gargaɗin hanta! Hukumar abinci ta Turai ta ce tun 2018, sinadarin EGCG na koren shayi daga miligiram 800 a rana yana iya ɗaga ALT, awon jini da ke nuna hanta ta taɓu, kuma an taɓa tsayar da wani gwajinsa kan masu MS a Amurka saboda hanta. Masoro kuma ninka shigar kurkum cikin jini yake yi. In ALT ɗinta ya haura ninki uku na iyaka, likita zai tsayar da maganin da ke riƙe da ita, a zaton shi ne mai laifi.

Tuwo ya ɗan kama. Baban Abba bai ce komai ba.

Na tura wa Ummi saƙon murya: ta ajiye ƙwayoyin biyu, ta ɗauki hoton bayan kwalaben, ta kai wa nas ɗinta ta MS, ta nemi gwajin hanta a makon nan. In ta ga fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, kada ta jira ranar asibiti. Ta buɗe saƙon, ba ta amsa ba. Gwaggo kuwa har yanzu tana cigiyar mai tafiya Ingila.