Tambayar da Baba ya yi min a taga

Talata. Sanyi ya fara shigowa, Auta ya ƙi tashi sai da na yi faɗa.

Wajen ƙarfe 11 wani dattijo ya zo tagata a ofishinmu sabunta lasisin tuƙi, ina ganin sunan na ce ina kwana Baba, ai kuwa ya washe baki, ashe ɗan Kumasi ne, ya daɗe yana tuƙin tasi a Bronx, nan New York. Muka gama hoto da gwajin ido, na zo kan tambayar nan da nake yi kullum kamar hadda, ko yana so a sa shi cikin masu ba da sassan jiki bayan rasuwa. Ya yi shiru, ya ce "'yata, ke kin sa?" Na ce a'a Baba. Ya ce "to in na yarda, ranar da na yi haɗari likita zai tsaya a kaina kuwa, ko ƙodar zai hango? Wanka da sutura fa?" Layi har ƙofa, na ce masa ba dole ba ne, ya ce to a bari.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Mafi yawan masu rajistar nan a Amurka a wajen lasisi suke yi, mu ne ƙofar, amma abokiyar aikina ta kusa da ni "ba ka so ko?" kawai take cewa ta wuce, ita ma tsoron likitocin take ji. Ni kuma da aka tambaya da Hausa ba ni da amsa.

Lokacin abinci na zauna na karanta. Sama da mutum dubu 100 ke jiran dashe a Amurka, yawancinsu ƙoda. Likitocin da ke ƙoƙarin ceto ranka daban, masu dashe daban, ba a taɓa komai sai an tabbatar da rasuwa, kuma ana ɗinke gawar a miƙa wa dangi su yi wanka, sai dai jana'iza kan ɗan jinkirta. Majalisar fiƙihu ta Jidda ta halatta tun 1988 bisa sharuɗɗa, ban da sayarwa, ko da yake akwai malaman da ba su yarda ba.

Sai Kawu ya faɗo min, Allah ya jiƙansa, wankin ƙoda sau 2 a sati a Kano har gona ta tafi, ƙodar Yaya kuma ba ta dace da shi ba. Na kasa ƙarasa abincin.

Maigida ya ce mu tambayi Malam ran Juma'a. Baban nan kam ba zai dawo ba sai lasisinsa ya ƙare bayan shekara 8, ko lambarsa ban karɓa ba.