Zoben ɗinki da zanen gadon ƙanwata

Saura mako bakwai bikin ƙanwata na ɗauki alkawarin zan yi mata zanen gado da rigunan filo huɗu da hannuna. Haka ake yi a gidanmu tun zamanin kakarmu: duk yawan kayan da za a jera wa amarya, sai an samu abu ɗaya da wata 'yar gida ta zauna ta yi wa surfani. Na sayi farin yadin auduga mai ɗan kauri da zaren DMC kala biyar, na zana babban fure a tsakiya da dagi a kowace kusurwa. Abin da ya rage shi ne zobe, wato katakon nan mai da'ira biyu da ake matse yadi a tsakaninsu don ya miƙe. Wasu firam suke ce masa. Ni zobe na taso na ji ana faɗa a gida, firam kuwa sai mai kusurwa huɗu.

Na shiga Terminus, cibiyar kasuwanci ta garinmu Jos. Tun da babbar kasuwar ta ƙone a 2002 neman ƙananan kayan ɗinki ya koma bin shaguna layi-layi ana tambaya. A wani ɗan shago na tarar an rataye zobba a ƙusa, daga ƙarami kamar bakin kofi har babba kamar faifai. Na ce a raina, furen tsakiya ya kusa taƙi biyu, to babba zan ɗauka in gan shi gaba ɗaya a gabana. Na ɗauki mai inci 12, na gora, ba nauyi, ga sauƙin kuɗi.

Kwana uku na fara gane akwai matsala. In na ɗaure yadin ya miƙe, kafin in gama ganye ɗaya ya koma sako-sako. In ƙara murɗa notin da ke matse da'irar waje, in ja yadin, in ci gaba, ya sake saki. Yatsuna ba sa kaiwa tsakiya, sai in jingina zoben da ƙirjina ina miƙa hannu, kafin la'asar wuyan hannuna ya yi tsami. Inda na yi ciko kuma, wato ɗinkin da ke rufe cikin fure, yadin ya tattare a gefen furen kamar bakin jaka. Ana cikin haka yarona ya kwanta zazzaɓi, na ajiye aikin a kan durowa da zoben a jiki har kwana biyar, ga shi lokacin marka, ruwan Agusta ba dare ba rana. Ranar da na ɗauko na kwance, sai ga zagayen datti a farin yadi, ga kuma jan tabon tsatsa daidai inda yadin ya naɗe ya kwanta a kan notin. Zama na yi a bakin gado, hawaye suka zubo min, don yadin ba na sake saye ba ne a wannan watan.

Washegari na naɗe komai na tafi Gangare wajen Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda a hannunta na koyi riƙe allura.

"Goggo, ki duba min aikin nan, na rasa inda na kuskure."

Ba ta ko kalli ɗinkin ba. Zoben ta ɗauka, ta haɗa da'irar biyu ba yadi, ta murɗa notin har ƙarshe, ta ɗaga shi saitin ƙofa.

"Matso, 'yar nan. Me kike gani a tsakaninsu?"

"Haske, Goggo."

"To duk inda haske ya wuce, nan yadi zai zame. Kawo hannunki."

Ta ɗora min zoben a hannun hagu, babban yatsa a sama, sauran huɗun a ƙasa. Ta ce in miƙa dogon yatsana in taɓa tsakiya. Ko kusa bai je ba. Ta buɗe tsohon gwangwanin da take ajiye allurai ta ciro nata, ɗan ƙarami mai inci 6, katakon ya yi duhu ya yi santsi saboda riƙo, da'irar ciki an naɗe ta da akoko. Tana ɗora min shi yatsana ya sauka a tsakiya ba tare da na miƙe shi ba.

"Wannan ne daidai hannunki. Zanen ai ba gudu zai yi ba, ki bi shi kaɗan-kaɗan."

Tun daga ranar, in wata ta tambaye ni girman zoben da za ta saya, hannunta nake fara kallo kafin in tambayi abin da za ta ɗinka. Yatsun da ke ƙasan yadi aiki suke yi: su ne ke jin inda allura za ta ɓullo, su tare zare kada ya ƙulle a baya, su ɗan tura yadin sama in ana son tsinin allura ya kama sili ɗaya. Zoben da ya fi ƙarfin hannu ya raba ki da wannan duka. Kuma yawan faɗin da'ira, yawan yadin da ke lilo a tsakiya ba abin da ya riƙe shi, shi ya sa babba ya fi saurin saki. Ga yawancinmu inci 5 zuwa 7 ne ke zama a hannu. Inci 6 wajen santimita 15 ke nan, inci 8 kuma wajen 20, kuma ni daga 8 ɗin nan ban ƙara hawa sama ba in dai a hannu zan riƙe. In zane ya fi zoben girma, sai a gama wuri ɗaya a kwance a matsa gaba. Ɗinkin zaren auduga da ya kwanta ba ya lalacewa don zobe ya hau kansa na ɗan lokaci, musamman in an shimfiɗa ɗan ƙyalle mai laushi a kai kafin a matse.

Akwai tambayar da ta daɗe tana min yawo a kai, ranar na yi wa Goggo ita. Baffanmu, Allah ya ji ƙansa, ya shekara da shekaru yana ɗinkin hula a ƙofar gida, ya kuma yi wa manyan riguna aska biyu da aska takwas, ban taɓa ganin zobe a hannunsa ba. Har yau in kika wuce masu ɗinkin hula a unguwa, ƙyallen a hannu yake, an lanƙwasa shi a kan yatsa. Goggo ta ce in tuna yadda allurarsa ke tafiya. Shiga da fita a motsi ɗaya take yi, ta tsinci yadin ta ɓullo a gaba, hannun bai taɓa komawa ƙasa ba. Wannan ba ya yiwuwa sai yadi yana lanƙwasuwa. In yadi ya miƙe gam a zobe, dole a soka allura ƙasa, a kai hannu a jawo ta, a sake soko ta sama. Ƙyallen hula kuma siriri ne mai jiki, yana riƙe kansa. Saboda haka ba kowane aiki ke neman zobe ba. Ɗinkin sarƙa a bakin rigar filo a hannu nake yin sa yanzu, ya fi sauri, ya fi daɗi. Amma ciko, inda ake jera dogayen zaruruwa gefe da gefe su rufe fure, in yadin bai miƙe ba kowane zare zai ɗan ja shi, ƙaramin ja sau ɗari shi ne tattarewar da guga ba ta gyarawa.

Da na koma kasuwa, na daɗe a shagon har mai shagon ya kawo min kujera. Kowane zobe sai na haɗa shi na ɗaga shi a haske. Na shafa yatsa a ciki da waje ina neman sartse, don sartse ɗaya ya isa ya fizge zaren shifon. Na duba notin: na tagulla ba ya tsatsa, kuma in kansa yana da tsaga, ana iya sa sukundireba a ƙara ɗaure shi fiye da yadda yatsa zai iya. Na duba ƙarafan da notin ke ratsawa, don na zobena na farko siraran gwangwani ne, ina murɗawa suna lanƙwashewa suna haɗe kai, shi ya sa ɗaurin ya ƙare yadin bai kamu ba. Na gora yawancinsu daga Sin ake kawo su, akwai masu kyau a ciki, amma sai an tona. Masu katako mai tauri na Jamus da Turkiyya sun fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai araha ba ta ado, kuma ɗaya ya ishe ki shekaru. Kaurin bakin zoben ma abin dubawa ne: siriri ya wadatar ga yadi mara nauyi, amma yadi mai kauri irin na zanen gado yana son mai faɗin baki, don ya samu wurin kamawa.

Na roba ba na raina su. Ba ruwansu da tsatsa ko tsagewa, kuma masu ɗan leɓe a da'irar ciki suna riƙe yadi mai santsi sosai. Aibinsu shi ne sun fi barin kari a jikin yadi.

Naɗin da na gani a zoben Goggo shi ne abin da ya fi canja min aiki, kuma bai ci ko kwabo ba. A yanko akoko ko tsohon farin zanen auduga da ya sha wanki, siriri kamar faɗin yatsa, a karkace ake yankan don ya bi lanƙwasar katako ba tare da ya yi tudu ba. A naɗe da'irar ciki da shi, kowane zagaye ya ɗan hau rabin na baya, a ƙarshe a kama bakin da allura ta cikin da'irar. Yadi a kan yadi ba ya zamewa kamar yadi a kan katako. Wajen ɗaurawa kuma, a ajiye da'irar ciki a kan tebur, a shimfiɗa yadin, a danna ta waje, sannan a ja ta tsawo da ta faɗi kawai. Ja ta kusurwa yana karkatar da saƙar yadin, sai an kwance a ga da'irar da aka ɗinka ta koma ƙwai. In kin ƙwanƙwasa da yatsa kika ji ya amsa kamar fatar kalangu, ya yi. Ni mai dama ce, don haka notin yana sama ta hagu, inda agogo ke nuna ƙarfe 10, don kada zare ya riƙa maƙalewa. Bahaguwa sai ta juya shi ɗaya ɓangaren.

Mu da ke Jos muna da namu ƙarin. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, damina mai danshi, hunturu mai bushewa har leɓe ya tsage. Katako yana jin duka biyun. Da damina ya kumbura, ƙarfe mara kyau ya yi tsatsa. Da hunturu ya tsuke, zoben da ke kama yadi gam a Agusta sai ki ga yana sakinsa a Janairu, na gora ma wani lokacin ya tsage daga wajen notin. Ga man da muke shafawa saboda sanyi, wanda ke bin babban yatsa ya zauna a yadi daidai bakin zobe, ƙura ta bi ta manne. Yanzu kafin in zauna sai na wanke hannu, kuma ko sallah zan tashi in na san zan daɗe, sai na sassauta notin. Da dare kuwa cire shi nake yi gaba ɗaya.

Bayan bikin wata maƙwabciya ta kawo min mayafin shifon a yi masa aikin duwatsu. Nan zobe ba shi da wuri, don matsa shi gaba na nufin murƙushe duwatsun da aka riga aka dasa. Haka karan-miski, in zobe ya danne gashinsa shatin ba ya fita da sauƙi. Na zana abin da nake so a takarda na tafi Kasuwar Katako wajen wani dattijon kafinta.

"Baba, firam nake so, amma ba na hoto ba."

Ya juya takardar sau biyu. "To Hajiya, waɗannan ramukan fa?"

Na yi masa bayani: sanduna huɗu, biyu dogaye masu tsaga a kowane ƙarshe, biyu gajeru masu jerin ramuka da za su ratsa tsagar, a sa 'yan turaku a ramin da ake so don a ƙara ko a rage miƙewa. Shi ya ba ni shawarar farin katako ba fenti, ya ce jan katako in ya ji danshi yana iya zubar da launi a farin kaya. Ya goge shi da sanfefa har sai da na shafa kumatuna a jiki ban ji kaushi ba. A gida na kafa ƙyallen akoko a jikin dogayen sandunan da ƙananan ƙusoshi, na ɗinke bakin mayafin a jikinsa, gefe biyun kuma na ɗaure su da zare mai ƙarfi kamar igiyar takalmi. Ɗaurin kaɗai ya ci min yamma guda. Amma da na ɗora firam ɗin tsakanin tebur da bayan kujera, hannuna biyu suka samu 'yanci, dama a ƙasa, hagu a sama, allura na kai da komo tsakaninsu, kuma mako biyu mayafin yana ɗaure bai saki ba.

Zanen gadon kuwa, zagayen dattin ya fita da wanki ɗaya. Tsatsar ce ta ba mu wuya. Goggo ta hana ni sa bilic, ta ce ƙara kama ta yake yi. Muka matsa lemun tsami, muka barbaɗa gishiri, muka jira rana ta leƙo tsakanin ruwa da ruwa muka shanya, har sau uku. Tabon ya dushe amma bai ɓace ba, ya bar wata 'yar inuwa kamar ƙwayar wake. Na warware cikon da ya tattare, na sake shi a zoben Goggo da sili biyu, fure ɗaya na matsar da zoben sau tara. Da na zo kan inuwar, na ƙara reshe na ɗora mata koren ganye.

Ranar jere ni da Goggo muka shimfiɗa shi. Ta bi furen da tafin hannunta daga tsakiya zuwa baki, a hankali, ba ta ce komai ba, sannan ta gyara filo. Sai bayan wata biyu ƙanwata ta kira ni a waya, ta ce, "Yaya, na ƙirga ganyen furen nan, na dama bakwai ne, na hagu shida." Na ce mata ta ɗaga na bakwai ɗin a haske ta duba bayansa.