Mai sito, littafi da kwamfuta uku

Shekara goma sha ɗaya kenan ina wannan sana'ar. Mu biyar ne a kamfanin, aikinmu ja wa 'yan kasuwa wayar intanet, saka rauta (na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci), da ɗora musu manhajar lissafin kaya da ciniki. Rabin yininmu a kan tsani yake ƙarewa, sauran rabin kuma amsa kira ne, "oga netwok ya ɗauke fa".

Akwai wani mai sito da muka yi wa aiki, bawan Allah ya saki kuɗi, kwamfuta uku, firinta, komai sabo dal. Bayan wata shida na leƙa in ga ya ake ciki, sai na tarar yaransa suna nan suna rubutu a littafi da biro kamar da, in yamma ta yi kuma ɗaya ya zauna ya kwafe komai cikin kwamfuta, wato aiki ɗaya ya koma biyu, shi kuma maigidan yana ta mita wai wahala na sayar masa. Sai da muka ɗauke littafin nan gaba ɗaya, mai karɓar kaya ya riƙa shigarwa tun daga bakin ƙofa, sannan idonsa ya buɗe ya ga kayan da ke kwana wata da watanni sun danne masa jari.

Ashe ƙasashe ma haka suka sha. A 1987 Robert Solow, masanin tattalin arziki na Amurka, ya ce ko'ina ana ganin kwamfuta amma ba a ganinta a alƙaluman yawan aikin da ma'aikaci ke fitarwa. Sai wajen 1995 alƙaluman Amurka suka ɗaga, bayan kamfanoni sun sake tsarin aikinsu. Lantarki ma da ya shiga masana'antu shekaru da dama aka ɗauka kafin a ga amfaninsa sosai, don da farko injin tururi kawai suka cire suka dasa injin lantarki a gurbinsa, tsarin ma'aikatar yana nan yadda yake.

Labarin da na fi so shi ne na masuntan Kerala a Indiya. Tsakanin 1997 da 2001 wayar salula ta iso gaɓarsu, masunci tun yana cikin teku zai kira kasuwanni ya ji inda ake neman kifi kafin ya juya jirgi. Kifin da ake zubarwa a da don rashin mai saye ya kusa ƙarewa kwata-kwata, ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, masu saye kuma suka samu sauƙi. Ba ƙarin jirage ne ya kawo haka ba, labari ne kawai ya fara isa da wuri. Ka tara irin wannan sau miliyoyi, ai shi ne abin da gwamnatoci ke kira bunƙasar tattalin arziki. M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya da aka fara a Kenya a 2007, ma kusan haka ne, tafiyar kai kuɗi ta yini guda ta koma saƙon waya.

To ni yanzu kafin in yanka wa mutum kuɗin aiki sai na yi kwana biyu a wurinsa ina kallon yadda takarda ke yawo daga hannu zuwa hannu, waye ke sa hannu, waye ake jira. Wasu haushi suke ji, su ce waya kawai muka ce ka ja mana malam. In ja musu in karɓi kuɗina, amma na san kafin shekara ta zagayo za su kira.